Ƙera kayan ɗakin renon sel a Damagaram: tambayoyi da amsoshi kan haɗari, haƙƙi da kuɗi

Renon sel shi ne a ɗauki ƙwayoyin halittar jikin mutum ko na dabba a raya su cikin kwalba, suna ci suna hayayyafa, don a gwada magani a kansu, a gano wata cuta, ko a haɗa allurar rigakafi. Rigakafin cutar PPR mai kashe awaki da tumaki, alal misali, a kan sel ɗin Vero ake raya shi, waɗanda aka samo daga ƙodar biri a Japan a 1962. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke yawan tasowa daga malamai, ɗalibai da ma'aikatan labo idan aka zo maganar kafa irin wannan ɗaki a Damagaram, kuɗi bai kai ba, ana tunanin a ƙera wasu kayan a gida.

Wane kaya za mu iya ƙerawa da kanmu, wane ne tilas a sayo?

Ku yi wa kowane kaya tambaya biyu: in ya lalace wa zai cutu, kuma za a gane ya lalace? Akwatin ɗumi, inda ake ajiye kwalaben sel a zafin jikin mutum, in ya ɓaci, sel ne ke mutuwa. Asarar aikin wata ɗaya ko biyu ce, kuma da safe za a buɗe a gani. Akwatin kariya kuwa, inda ake buɗe kwalabe a yi aiki yana tare ƙwayoyin cuta daga ma'aikaci, wanda takardun Faransanci ke kira PSM, idan matatarsa ta tsage ko iskarsa ta yi rauni, ba ya ƙara, ba ya wari. Ma'aikaci zai ci gaba da shaƙar abin da ke ciki yana tsammanin a tsare yake.

Saboda haka akwatin ɗumi, bahon ruwan ɗumi, teburin girgiza kwalabe, maɗorin bututai da famfon tsotse ruwa, duk mai walda da mai gyaran lantarki da suka san hannunsu za su iya haɗa su. Abu uku ne ba mu yarda a ƙera a gida ba: akwatin kariya, tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta da ake kira otokilab, da kan injin santirifij, wato ɓangaren da ke juyawa da bututai. Biyun ƙarshe in sun fashe, ƙarfe ne ke tashi sama.

Garinmu da zafi haka, ai riƙe digiri 37 ba zai yi wuya ba?

Nan ne aka fi yin kuskure. Sel sun fi jure sanyi a kan zafi. Kwalba za ta kwana a digiri 25 ta farfaɗo, amma ƴan awanni a 42 sun isa su hallaka mafi yawansu. Akwatin ɗumi na yau da kullum hita kawai gare shi, bai iya sanyayawa ba, kuma masu ƙera shi suna rubuta cewa aikinsa yana farawa ne daga digiri 3 zuwa 5 sama da zafin ɗaki. Ke nan da zarar ɗaki ya haura 32, akwatin ya fita daga hannunku. A Afrilu da Mayu kuwa ko a inuwa ana wuce 40.

Don haka a Damagaram na'urar sanyaya ɗaki ce kayan reno na farko, kafin a yi maganar akwati. A zaɓi ƙaramin ɗaki da ba ya kallon yamma, a rufe silin da abin tare zafi, a riƙe shi tsakanin digiri 22 da 25. In hali ya yi a sa na'ura biyu suna karɓa-karɓa, don ranar da ɗaya ta tsaya kada a kwana cikin zullumi.

Me ake buƙata don haɗa akwatin ɗumi, kuma ina ya fi ba da matsala?

Ciki ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 304, kusurwoyi a lanƙwashe, wurin walda a goge shi sumul, don a saƙo da kaushi naman gwari ke samun mafaka. Kwanon rufi bai yi ba, laimar ciki tana kai kashi 90 zuwa 95 cikin 100, cikin ƴan watanni zai yi tsatsa. A kewaye da kumfar tare zafi mai kaurin santimita 5. Hita a raba ta ƙanana-ƙanana a manna a bayan bangwaye, kada a tara ta wuri ɗaya. Ƙofa ma a sa mata tata, in ba haka ba raɓa za ta taru a gilashi ta riƙa ɗiga. Sai ƙaramar fanka mai motsa iska a hankali, faranti mai ruwa a ƙasa, ma'aunin zafi na Pt100, da na'urar PID mai sarrafa hitar.

Abin da aka fi mantawa shi ne birki na biyu. Makunnin lantarki da ake kira SSR, wanda ke ba hita wuta, in ya ƙone, sau da yawa a kunne yake maƙalewa. Hita ta yi ta aiki, kafin asuba ta dafa komai. Maganinsa wani tamostat daban, mai nasa ma'aunin, wanda ke yanke wutar hita gaba ɗaya a digiri 39, ba ya jiran umarni daga PID ko daga wata kwamfuta.

Ruwa da wutar 220 suna zaune akwati ɗaya, don haka jikin ƙarfen a haɗa shi da wayar ƙasa, a kuma sa makashin wuta mai jin yoyo na miliamfa 30. A auna ƙarfin wayar ƙasar da rani, don busasshen yashi ba ya ɗaukar wuta kamar ƙasar damina.

Kafin a sa sel, a ajiye ma'auni tara, takwas a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, na awa 24. Bambancinsu kada ya wuce rabin digiri. A buɗe ƙofa daƙiƙa 30 a rufe, a ga ko zafi zai dawo cikin kamar minti 10.

Don me ake sa iskar CO2, kuma wane ma'auni za mu saya?

Ruwan abincin sel yana ɗauke da bikabonat, shi da CO2 ne ke riƙe tsamin ruwan kusa da pH 7.4. Irin ruwan abincin da ake kira RPMI 1640 yana da giram 2 na bikabonat a lita, ya dace da kashi 5 na CO2. Wani irin, DMEM, yana da giram 3.7, asali don kashi 10 aka tsara shi, ko da yake mutane da yawa a kashi 5 suke amfani da shi. Jan launin da ke cikin ruwan shi ne ɗan aikenku: in ya karkata zuwa shunayya, gas ya yi kaɗan, in ya koma rawaya, tsami ya yi yawa, ko sel sun cika kwalba ko bakteriya sun shiga.

Ga tarkon da ke cikin sayen ma'auni. Ƙananan ma'aunan CO2 masu arha da ake gani a intanet don iskar ofis aka yi su, yawancinsu a ppm 5,000 suke tsayawa, wato kashi 5,000 cikin miliyan. Kashi 5 cikin 100 kuwa ppm 50,000 ne, ninki goma. Ku nemi ma'aunin NDIR mai kaiwa kashi 10 ko 20, wanda ke jure laima. Akwai wani iri, TC, ya fi arha, amma karatunsa yana sauyawa da laima, duk lokacin da farantin ruwa ya bushe sai ya yi ƙarya. Kowanne kuka sa, a riƙa gwada shi da ma'aunin hannu irin Fyrite wata-wata. Bawul ɗin gas ya zama irin wanda ke rufe kansa in wuta ta ɗauke, a kuma sa matata ta maikiron 0.2 kafin gas ya shiga akwati.

Tukunyar gas ɗin tana da haɗari? Kwana nawa take yi?

Tana da shi, ta fuska biyu. Na farko matsi: a digiri 20 yana kusan bar 57, kuma da zarar an wuce digiri 31 yana hawa da sauri. Tukunyar da aka bari a rana a bayan mota ko jikin bango da bazara abin tsoro ce. A ajiye ta a inuwa, a tsaye, a ɗaure da sarƙa. Na biyu shaƙewa. Kilo ɗaya na CO2 yana ba da sama da lita 500 na iska. Tukunya mai kilo 25 in ta zube a ɗaki mai mita 3 da 4, tsayi 3, za ta kai iskar ɗakin sama da kashi 30, alhali iyakar da aka yarda ma'aikaci ya wuni a ciki rabin kashi ɗaya ce, kashi 4 kuma ana lissafa shi haɗari na nan take ga rai. Gas ɗin ya fi iska nauyi, don haka ƙararrawarsa kusa da ƙasa ake kafa ta. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai shara da ke fara buɗe ɗaki da sassafe yana duƙe, shi ya sa da shi za a yi horo.

A sa regileta mai mataki biyu, a sauke matsi zuwa ƙasa da bar 1 ko yadda takardar bawul ta ce. Kada a karɓi tukunya mai bututu har ƙasa, irin ta kashe gobara, don ruwan gas take fitarwa, zai daskarar da regileta. A bi mahaɗai da ruwan sabulu a ga ko akwai kumfa.

Lissafin kwanaki: akwati mai lita 170 yana cin lita 8.5 na gas, kimanin giram 15, duk sanda iskarsa ta sauya gaba ɗaya. Buɗewa 20 a yini giram 300 ke nan, kilo 25 zai yi wata biyu zuwa uku in babu yoyo. Agogon matsi ba ya sauka sai ruwan ciki ya ƙare, sa'annan ya faɗi farat ɗaya. A riƙa ɗora tukunyar a sikeli, a kuma ajiye ta biyu a cike.

In gas ya gagara, injin ƙyanƙyasar ƙwai zai iya?

Don koyar da ɗalibai, zai iya, da sharaɗi. A yi amfani da ruwan Leibovitz L-15 da ba ya buƙatar CO2, ko a ƙara HEPES, sinadarin da ke riƙe tsamin ruwa, milimola 10 zuwa 25, a rufe murfin kwalba gam, a kare ta daga haske. A cire injin juya ƙwai, a sa birkin digiri 39, kuma ya zama sabo, wanda ƙwai bai taɓa shiga ba. Ba kowane sel ke yarda da wannan ba, kuma zafinsa yana hawa da sauka fiye da yadda binciken da za a wallafa zai lamunta.

Mun ga teburin tsabtatacciyar iska ya fi akwatin kariya arha. Ba aikinsu ɗaya ba ne?

A ido sun yi kama, a aiki sun saɓa. Teburin yana tace iska ya hura ta bisa kwalabe zuwa fuskar mai aiki. Kwalba ta tsira, mutum ya shaƙi duk abin da ya tashi daga cikinta. Ya dace da haɗa ruwan abinci ko renon tsiro, iyakarsa ke nan.

Akwatin kariya aji na biyu, nau'in A2, yana jan iska daga ɗaki ta bakinsa, ta zama labule tsakanin mutum da aiki. Kimanin kashi 70 na iskar yana sake zagayawa ta matatar HEPA, kashi 30 ya fita ta wata matatar. HEPA tana kama kashi 99.97 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3. Saurin iskar da ke shiga, a ƙa'idar Turai ta EN 12469, kada ya gaza mita 0.40 a daƙiƙa, a ta Amurka, NSF/ANSI 49, mita 0.51. Ana gwada wannan da ma'aunin iska, da hayaƙi, da feshin da ake bi da shi a kan matata a nemo huji, shekara-shekara da kuma duk lokacin da aka gusar da akwatin. Wanda ya sha hanya daga Yamai, kusan kilomita 900, ko ya shigo ta Kano, sai an gwada shi a inda zai zauna, takardar masana'anta ba ta wadatar ba.

Duk abin da ya fito daga jikin mutum a ɗauke shi kamar mai ɗauke da ciwon hanta na B ko HIV, a kuma yi wa ma'aikata rigakafin hanta, allura uku, ta farko, bayan wata ɗaya, bayan wata shida. Na dabba ma ba wasa ba ne. Burusela, cutar da ke sa dabbobi ɓari, tana cikin cututtukan da suka fi kama ma'aikatan labo a duniya, kuma zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a jihar Tawa a 2016. Mahaifa ko jinin tunkiyar da ta yi ɓari ba abin buɗewa a tebur ba ne.

Ƙurar hunturu fa?

Ita ke cinye kuɗin matata. A toshe tagogi, a yi ɗan zaure mai ƙofa biyu inda ake sauya takalmi da riga, a sa matatar farko mai arha da ake wankewa a mashigar iskar ɗaki, a riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Fankar silin a cire ta ɗungurungum, na'urar sanyi kuma kada ta hura wajen bakin akwatin kariya, don duk iskar da ta gitta tana yage labulen nan. Fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, ƙura kaɗan ke rage mata ƙarfi, ba ta kai wa inuwa, tana kuma ƙona ido, kada a dogara da ita. Gogewa da alkol mai kashi 70 ita ce aikin. Wutar Bunsen, wato murhun gas na labo, ba ta da wuri cikin akwatin, tana birkita iska, tana iya ƙona matata, ga alkol a gefe.

Za mu iya buga wasu sassa da injin 3D, ko mu yi amfani da robobin kasuwa?

Abin da ba ya taɓa ruwan sel, kamar maɗori da maƙalai, ku buga. Sai dai robar PLA tana laushi tun daga wajen digiri 60, ba ta shiga otokilab, kuma tsakanin layukanta datti ke ɓuya. Polipropilen yana jure 121. Abin da aka buga da ruwan rezin yakan saki guba ko bayan wanki. Silikon na banɗaki an zuba masa maganin naman gwari, dalma da tagulla ma suna kashe sel in sun taɓa ruwan.

Gwajin ba shi da wuya. A jiƙa abin cikin ruwan abinci awa 24 a digiri 37, a ba sel wannan ruwan, a ba wasu ruwa mai tsabta, a kwatanta washegari. A ƙa'idar ISO 10993-5, in masu rai suka gaza kashi 70 na na kwatancen, abin mai guba ne.

In an ɗauke wuta?

A raba kaya biyu. Akwatin ɗumi, firigo da akwatin kariya a kan batir da inbata mai tsabtatacciyar wuta. Na'urar sanyi da firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili a kan janareta ko sola mai ƙarfi. Akwatin ɗumin da ke cin wat 100 a matsakaici yana buƙatar kilowat-awa 1 don awa 10. Batirin dalma mai bolt 12 da amfa-awa 200 yana da 2.4 a takarda, rabinsa ake ci in ana so ya daɗe, ga shi zafi yana rage masa kwana. Akwati mai rigar ruwa a bango ya fi riƙe zafinsa, kuma da bazara wannan ruwan yana jinkirta hawan zafi, wanda shi ne abin tsoron. Idan akwatin kariya ya tsaya ana tsakiyar aiki, a rufe kwalabe, a sauke gilashi, a fita. Wutar yankin nan mai yawa daga Najeriya take zuwa, kuma a Agusta 2023 an ga abin da yankewarta ke nufi, don haka lissafin awa biyu ko uku bai isa tsari ba.

Ruwa, wanki da shara?

Ƙarancin ruwa a Damagaram ba labari ba ne, kuma injin tace ruwa na tururi yana zubar da lita da yawa kafin ya ba da ɗaya. A shekarar farko ku sayi ruwan abinci haɗaɗɗe. Busasshe, mai zuwa kamar garin fulawa, ya fi sauƙin dako, amma yana son ruwa mai tsabtar megohm 18.2 da matata ta maikiron 0.22, kuskure kaɗan ya ɓata lita goma.

Otokilab: digiri 121, aƙalla minti 15 ga kaya masu tsabta, 30 zuwa 60 ga shara, a fara ƙirga bayan iska ta fita zafi ya kai. Tef mai sauya launi yana nuna kaya sun ji zafi ne kawai. Shaida ta gaskiya ita ce ƴar kwalbar Geobacillus stearothermophilus, bakteriya mai jure zafi, da ake sawa tsakiyar kaya a ga ko ta mutu. Ruwan da aka tsotse daga sel a tara shi cikin jabel, ƙarfin kulorin ya kai rabin kashi ɗaya bayan cakuɗa, minti 30. Zafi yana kashe jabel, a dama sabo kullum, kuma kada ya shiga otokilab. Kwalaben roba a huda su bayan an dafa. Duk mun san inda kwalba mai kyau da murfi ke ƙarewa in ta kai bola.

A santirifij, sel ba sa son fiye da ninki 200 zuwa 300 na nauyi, minti 5. Kai mai faɗin santimita 15 daga tsakiya, a juyi 1,200 a minti, yana ba da kimanin 240. Kofuna su zama masu murfi, in bututu ya fashe a jira minti 30 kafin a buɗe.

Yaya ake adana sel na dogon lokaci?

A sa DMSO, sinadarin da ke kare sel daga ƙanƙara, kashi 10, a saukar da sanyi digiri ɗaya a minti, sa'annan a kai ƙasa da 130 a ƙarƙashin sifili. Firiza ta 80 ta ƴan watanni ce. Ruwan naitirojin, wanda Faransanci ke kira azot, yana kan 196 ƙasa da sifili, lita ɗaya tana zama kusan lita 700 na iska marar wari. Lita 10 in ta zube a ɗakin nan mai mita 3 da 4, oksijin zai sauka daga kashi 21 zuwa kusan 17, ƙararrawa kuwa a 19.5 ake saita ta. Kada a shiga mota a rufe gilashi da tulunsa, kada a zuba shi a filas na shayi a murɗe murfi. Bututun da ya nutse cikin ruwan kan fashe wajen narkewa, a sa gilashin fuska. Kafin a sayi tulu, a tabbatar da wanda zai riƙa cika shi, a kuma ajiye kwafin kowane sel a wani labo.

Ɗan naman da likita ya yanke zai zubar, sai an nemi izinin mai shi?

Sai an nema. A 1951 aka ɗebi sel daga sankarar bakin mahaifar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins na Baltimore ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar tana da 31, sel ɗinta na HeLa suna raye har yau, danginta ba su ji labari ba sai bayan shekaru ashirin da wani abu. Sai a 2013 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ba su baki kan bayanan DNA na sel ɗinta, a 2023 suka sasanta da kamfanin Thermo Fisher. Kusa da mu, gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 masu sanƙarau a Kano a 1996 ya bar rashin yarda da har yanzu ma'aikatan lafiya ke fama da shi.

A Nijar takardar bincike tana bi ta kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, CNERS, kafin a ɗebi komai. Bayani a yi shi da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, yadda Inna ko Baba za su gane: abin zai rayu bayan an ɗebe shi, shekara nawa za a ajiye, ko za a kai shi waje, kuma ƙin yarda ba zai taɓa maganinsu ba. Yardar maigida ko mai unguwa ladabi ce, ba ta maye yardar mai jikin. Wannan ya shafi ƙirar kaya ma: firiza da tulu da kwaɗo, lamba a jikin bututu maimakon suna, littafin da ke haɗa lamba da suna a wani ɗaki daban, da tsarin ajiya da zai sa a iya nemo bututun mutum a lalata ranar da ya janye. Abin da za a fitar waje a yi masa rubutacciyar yarjejeniya. Na dabba, tsiro da ƙwayoyin cuta yana ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya ta 2010, mai tsara neman izini da raba amfani tsakanin ƙasashe.

An ce da jinin ɗan tayi da sinadarin alade a cikin kayan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Siram da ake zuba kashi 10 cikin ruwan abinci daga zuciyar ɗan tayin saniya ake zuƙo shi a mahauta. Tiripsin mai ɓamɓare sel daga kwalba kuwa daga jikin alade ake samun mafi yawansa. A faɗa wa ɗalibai da ma'aikata tun farko, kada su ji daga bakin wani. Tiripsin yana da madadi da ba na dabba ba, irin TrypLE, wanda ma ya fi jure rashin sanyi a hanya. Siram kuma sel da yawa suna rayuwa da kashi 5 in an sauke musu sannu a hankali. Hukuncin addini na malamai ne, namu shi ne mu kai musu bayani daidai: ko abin na gwaji ne kawai, ko zai shiga jikin mutum.

An yi mana tayin kayan kyauta daga waje. Mu karɓa?

A tambaya tukuna. Kayan Amurka na bolt 120 ne da hez 60, namu 220 da hez 50. Taransifoma tana gyara bolt, ba ta gyara hez, tsohon injin fanka zai rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, iskar akwatin kariya ta faɗi ƙasa da ƙa'ida. A nemi shaidar an turara shi an kashe abin da ke ciki, a tabbata har yanzu ana ƙera matatarsa, a san wa zai biya dako da duwan. In amsa ta gagara, a yi godiya a bar shi.

A ina kuɗin ke tafiya?

Ba a ranar saye ba. Ɗauki kwalaben reno goma irin waɗanda ake kira T75, kowace da ruwan abinci mililita 15, sauyi uku a mako: mililita 450 a mako, sama da lita 23 a shekara, da kwalaben siram biyar na rabin lita. Kowace ɗaya yuro ɗaruruwa ce, yuro kuma sefa 655.957. Siram da tiripsin a daskare suke tafiya cikin busasshiyar ƙanƙara mai ƙarewa kullum, kwana uku a duwan ya isa ya mayar da su shara. Ƙara gas, naitirojin, gazuwal, batir, matata, da tikitin ƙwararren da zai zo gwajin shekara. A rubuta kasafin shekara biyar kafin a sa hannu. In bai ɗauki gwajin akwatin kariya ba, a tsaya ga aikin da ba ya buƙatarsa. Ɗaki ɗaya da jami'a, asibiti da ma'aikatan dabbobi za su yi tarayya a kai ya fi uku da ba mai iya riƙewa, muddin an raba ranaku da akwatunan sel masu cuta da marasa cuta.

Inda ake iya tsimi: bututun awo na gilashi da ake gasawa awa 2 a digiri 160, raba siram ƙanana-ƙanana a daskarar, da faranti masu ƙananan ramuka maimakon manyan kwalabe.

Ta yaya za mu san ɗakin ya isa a fara bincike?

A bar kaya su yi mako biyu suna aiki babu sel, ana rubuta zafi da CO2 safe da yamma, har da ranakun da wuta ta ɗauke. A zuba ruwan abinci marar antibayotik cikin kwalabe, kowane ma'aikaci ya sauya nasa kamar da gaske, a ga na wa zai gurɓace cikin mako. Antibayotik ɓoye ƙazanta yake, shi ya sa ba a sa shi a wannan gwaji. Sa'annan a kawo sel masu haƙuri irin Vero daga ma'ajiya mai takarda, a riƙa ƙirga su da shuɗin tiripan, rinin da ke nuna matattun sel: su ninka cikin kamar yini ɗaya, masu rai su haura kashi 90, sau biyar a jere.

Saura abu biyu da ido ba ya gani. Maikoplasma, wata ƙaramar bakteriya, ba ta sauya kamannin ruwa kuma tana ratsa matatar 0.22, sai gwajin DNA na PCR ke kama ta, a yi shi wata-wata da kan duk baƙon sel kafin ya shiga akwati da sauran. Na biyu musanya: tun 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa sel da dama masu sunaye daban HeLa ce ta mamaye su. Sel na mutum a aika a yi musu gwajin STR, mai tantance asalinsu ta DNA, kuma kada a buɗe iri biyu lokaci ɗaya a akwatin kariya. Ranar rubuta sakamako, a faɗi cewa akwatin ɗumin ƙirar gida ne, a haɗa da zanensa da takardar awon kusurwoyi taran nan.